Rabon 'Yan Kokawa a Falona

Maza biyu na haifa da mace ɗaya, kuma mazan nan biyu, haɗe da mijin da macen ta kwaso mana, duk 'yan kokawa ne. Kada wani ya ɗauka irin wadda ake tuɓe riga a yi gumi. Babu ɗayansu da zai ɗauko buhun shinkafa daga ƙofar gida zuwa kicin bai nemi kujera ba. Kokawarsu a cikin waya take. Kowa ya ƙirƙiri ƙato, ya raɗa masa suna, ya ba shi tsawo da ƙirji har da kalar wandon da yake sawa, sannan ya zauna yana rubuta masa cika baki: zan karya ka, zan taka ka, zan aika ka asibiti. Su talatin da ɗaya ne a ƙungiyar, wasu ko ganin juna ba su taɓa yi ba, magidanta da furfura a gemu. Duk sati a yi wasa, wato a rubuta cewa wane ya ɗaga wane ya maka da ƙasa, su karanta, kowa ya yi ta ihu shi kaɗai a ɗakinsa kamar an yi masa albishir.

Ni ban yi karatu ba, ko sunana aka rubuta sai dai in ce zanen ya yi kyau. Amma shekara bakwai ana wannan shirme a falona, don a nan na'urar intanet take, kuma a nan ne shayi ba ya yankewa. Kunnena ƙalau yake. Abin da aka faɗa a gabana ba ya ɓata.

Babban ɗana manaja ne a gidan mai, kowa Manaja yake ce masa, har matarsa. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ke yanke wa zai ci wa zai faɗi. Ƙatonsa sunansa Katafila, kuma ba sai na gaya muku wanda ke riƙe da bel ɗin zakara ba. Bel ɗin ma hoto ne. Mijin 'yata dillalin motoci ne, baki kamar rediyo, nasa ƙaton Kada. Sai Autana, mai gyaran fanka da firji, shagonsa na nan ƙasan benenmu. Nasa Ƙusa. Ku ji sunan kawai.

Auta ne ke rubuta wasan. Manaja zai turo masa layi biyu: Katafila ya ci Zarto, Kada ya ci wane. Shi kuma da ya rufe shago da yamma sai ya zauna ya mayar da layi biyun nan labari mai shafi goma, da dukan da aka yi, da zagin da aka yi, da yadda alƙalin wasa ya juya baya aka kwaɗa wa wani kujera. Yana da littattafai irin na 'yan makaranta guda goma sha ɗaya a cikin wani tsohon firji da mai shi bai dawo ya ɗauka ba. A ciki ya rubuta wa ya karya ƙafar wa, wa ya ci amanar wa, su wa aka ce 'yan uwan juna ne. Kuma duk wanda ake so ya yi fice sai a haɗa shi da Ƙusa. Da hannunsa yake rubuta yadda aka shaƙe ƙatonsa aka jefar da shi bayan igiya. Shekara bakwai Ƙusa bai ci wasa ko ɗaya ba.

Na taɓa ce masa, "Kai, ba kai ke rubutawa ba? Ka rubuta ka ci mana."

Ya ce, "Inna, ba haka ake yi ba. Sai an sami wanda ya iya faɗuwa sannan na saman yake burge mutane."

Na ce Allah ya ba ka lafiya.

Shekara biyu da suka wuce fanka ta sare masa yatsu biyu na hannun dama. Aka ɗinke, aka naɗe, ya ce zai huta wata guda. Sai ga Manaja ya hau bene hankali a tashe, ba don yatsun ba, don saura sati biyu babban wasansu na shekara. A nan ya tsugunna, gefen kujerata, ya ɗora hannu a gwiwar ƙanensa ya ce, "Ka daure ka rubuta da hagu. Na yi maka alkawari, ranar da ƙungiya ta cika shekara bakwai, Ƙusa zai kayar da Katafila ya ɗauki bel." Ina zaune ina maida maɓallin riga. Ban ɗaga kai ba. Na ajiye maganar. Auta kuwa ya rubuta da hagu, yana yi yana cije leɓe, kwana tara.

Tun daga ranar yake ƙirga kwanaki. Bai taɓa faɗa ba, amma na ga inda ya zagaye a kalandar shago.

To, saura sati biyar ranar ta zo sai Dillali ya tayar da ƙayar baya. Wai shi ya kawo mutum goma sha biyu cikin ƙungiya, amma Kada ko shinshina bel bai taɓa yi ba, don haka ko a raba 'yan wasa gida biyu ko ya kwashe mutanensa. Na zaci Manaja zai yi tsalle ya dire. Sai na ji ya amince nan take, har yana cewa dama ƙungiya ta girma. Saurin nan shi ya tsaya mini a rai. Ɗan da na haifa, ko cokali ne ba ya rabawa da kowa sai da dalili.

Aka raɗa wa gidajen suna. Na Manaja Tsawa, wasansu ranar Talata. Na Dillali Gobara, ranar Asabar. Kowane gida da bel ɗinsa. Aka sa Lahadi bayan abincin rana a yi rabo, a falona.

Ranar da safe Auta ya yi aski, ya sa rigar da ya goge. Ya leƙo kicin ya ce, "Inna, ba sai Yaya ya fara da ni ba. Ko na takwas ne, ko na goma."

Na ce, "Miƙo mini gishiri."

Shi ya yanka kwalin wani sabon firji ya yi kati talatin da ɗaya, kowanne da sunan ƙato, ya jera a teburina. Aka jingina waya a jikin gwangwanin sukari don sauran 'yan ƙungiya su gani daga gidajensu. Manaja ya miƙe, ya gyara murya kamar zai ƙaddamar da gada, ya karanto dokoki uku da ya rubuta. Ta ɗaya, kowane gida mutum goma sha biyar, ba ƙari ba ragi. Ta biyu, ɗan wasan wani gida ba zai kara da na wani gida ba sai bayan shekara. Ta uku, kowane mutum yana tare da ƙatonsa, gidan da ƙatonka ba ya ciki ba ka da hannu a cikinsa, ko harafi ɗaya. Wannan ta ukun don Dillali ya yi ta, kada mutanensa su riƙa yi masa katsalandan.

Na ce, "Sake karanto mini ta ukun."

Ya yi dariya. "Inna, ke ma kin shigo ƙungiya ne?"

"Karanto dai."

Ya sake karantawa. Na ce to.

Aka jefa murfin kwalba, ya faɗo wa Manaja, shi zai fara. Ya ɗauki Katafila, Dillali ya ɗauki Kada. Daga nan aka shiga ciniki kamar a kasuwar dabbobi.

"Zarto," in ji Manaja.

"Ɗauki abinka, ya tsufa. Ni ba ni Guduma."

"Guduman da Katafila ya zauna a kansa sau uku?"

"Ai kai ka yanke hukuncin, Yaya. Ko kaza aka ba ka za ka ce ta zauna a kan Guduma."

Waya tana ta ƙara, mutane na turo saƙo, Dillali yana karantawa yana buga cinya. Kowa ya zo ɗauka sai ya juya ya tambayi Auta, "Wannan sau nawa ya ci?" Auta ya faɗa da ka, bai ko duba littafi ba. Wanda ya fi ci shi ake rububi. Ni kuwa ina kallonsu ina mamaki. Cin nan da suke aunawa, wa ya rubuta shi? Mutum yana zaune a gabanku, shi ya ɗora wa kowane kati nauyinsa, kuna ta wawar kwali.

Na takwas ya wuce. Na goma ya wuce. Auta yana zuba musu shayi, yana murmushi, amma na ga yana shafa tabon yatsunsa da babban yatsa. Kati ya rage uku: Ƙusa, da wani Ɗan Dako, da wani Fatalwa wanda mai shi wata takwas ke nan ba a ji ɗuriyarsa ba, ko gaisuwa bai turo ba. Manaja ne da ɗauka, kuma ita ce ɗaukarsa ta ƙarshe. Ya miƙa hannu. Bai kalli ƙanensa ba, a nan na tabbatar bai manta ba, don wanda ya manta yana kallon mutane.

"Fatalwa," ya ce.

Dillali ya ja Ɗan Dako. "Gobara ba gidan masu faɗuwa ba ne. Ka yi haƙuri, Auta."

Kati ɗaya ya rage a tebur, kusa da cokalin shayi.

Manaja ya dafa kafaɗar Auta. "Kai ai na kowa ne. Doka ce ta ce sha biyar-sha biyar. Sai mu ce Ƙusa ya tafi jinya, baɗi a duba. Yauwa, wasan Talata, gobe zan turo maka wa zai ci."

"Na Asabar ma," in ji Dillali. "Ina so Kada ya shigo a cikin hayaƙi."

Auta ya ce, "To." Wallahi to ya ce. Ya fara tattara kofuna.

Na ce, "Ajiye kofunan nan." Na juya wajen Manaja. "Ƙusa yana Tsawa?"

"A'a, Inna, ai kin gani."

"Baban yara, yana Gobara?"

Dillali ya gyara zama. "Ba ya ciki, Inna."

"To gidan da ƙatonka ba ya ciki ba ka da hannu a cikinsa, ko harafi ɗaya. Ba haka aka karanto ba? Sau biyu ma."

Waya ta shiga ƙara a jikin gwangwanin sukari. Mutanen ciki sun ji. Wani ya turo cewa tsohuwa ta fi su sanin doka, Dillali ya fara karantawa ya tsaya a tsakiya.

Manaja ya ce, "Inna, wannan wasa ne fa."

"Ni na fi kowa sanin wasa ne. Kai ka tashi tsaye ka gyara murya."

"Ba ki gane ba, dokar ba ta shafi marubuci ba."

"Nuna mini inda ta ce haka. Ko da yake ban iya karatu ba, nuna wa Baban yara."

Babu inda ta ce. Kuma ba zai soke ta ba, don in ya soke, mutanen Dillali za su shigo masa gida. Ya ɗauki katinsa goma sha biyar ya ce rubutu ai ba wani abu ba ne, shi da ke rubuta rahoto duk wata. Dillali ya ce shi da bakinsa yake sayar da motar da ba ta tashi, wasa guda ne zai gagare shi? Suka sauka.

Auta ya ce, "Inna, da kin bari. Za su ɓata abin."

"Ni ban hana ka ba. Yayanka ne ya hana ka, a gaban mutum talatin. In ka taɓa, kai ka karya doka."

Shi mutum ne mai tsoron doka, ko ta kwali ce.

Ranar Laraba ya hau da rana cin abinci, waya a hannu, fuska kamar an yi rasuwa. Ya karanto mini wasan Manaja gaba ɗaya kafin miya ta huce. Katafila ya shigo. Ya kama Zarto. Ya buga shi da ƙasa da ƙarfi sosai. Ya ci. Jama'a sun yi murna. Sauran wasannin ma haka, suna kawai ake canzawa. Wani a ƙungiyar ya tambaya ko rasit ɗin mai ne aka turo bisa kuskure.

Na Asabar ya fi muni. Dillali bai rubuta ba, magana ya yi ta zuba wa waya tana rubutawa. Rabin wasan Kada ne ke shigowa cikin hayaƙi. Ya sa wani da aka karya wa ƙafa wancan watan yana tsalle daga saman igiya. Ya haɗa wasu biyu faɗa, alhali shekara uku ana gina labarin cewa wa da ƙane ne da suka rantse ba za su taɓa juna ba. Masu su suka yi fushi, ɗaya ya ce ya fita.

Auta ya kasa cin abinci. "Inna, shekara uku na yi ina ajiye faɗan nan. Shekara uku. Ya ƙone shi a layi huɗu."

"Ci abincinka."

A sati na biyu mutum biyar suka daina turo cika baki. A na uku sai ga Dillali da hantsi, da jakar lemo a hannu, shi da bai taɓa hawa benen nan da komai ba sai yunwa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, kun tashi lafiya? Ya ƙafar taku?"

"Wata shida tana ciwo, sai yau ka gan ta. Me ya faru?"

Wai zai sallami Ɗan Dako ya ɗauki Ƙusa, kuma Asabar mai zuwa a ba shi bel ɗin Gobara. Na aika aka kira Auta daga shago. Ya tsaya a bakin ƙofa da sukurdireba a hannu, na ga idonsa ya yi haske. Mutum mai shekara arba'in ba biyu, ido na haske a kan hoton bel.

Na ce, "Baban yara, kai ba ka yi masa alkawarin komai ba. Abin da ke tsakanina da kai daban ne, kuma ka sani, ranar da 'yata ta haihu kana wajen gwanjon mota ni na kwana a asibiti. Wannan muna nan da kai. Amma bel ɗin da ake bin yaron nan ba naka ba ne." Na dubi Auta. "Kai kuma in ka shiga Gobara, sai bayan shekara za ka ga Katafila. Doka ta biyu. Zaɓi naka ne."

Ya daɗe yana juya sukurdireba. Sannan ya ce, "Na gode, Yaya. Zan jira."

Lemon dai na karɓa.

Ban gaya wa Manaja tayin da Dillali ya yi ba. 'Yata na gaya wa, na ce kada ta faɗa wa matar Manaja. Washegari da azahar sai ga shi, da rigar aiki, yana haki.

"Auta, ka bar ni in ji a bakin mata? Ni da kai uwa ɗaya uba ɗaya?"

Na ce, "Yau ka tuna. Zauna. Ranar da fanka ta sare shi, a ina ka tsugunna?"

"Inna..."

"A nan. Hannunka a gwiwarsa ta dama. Kana sanye da shuɗiyar rigar nan mai ɓallallen aljihu. In maimaita maka abin da ka ce, ko za ka faɗa da bakinka?"

Ya yi ta kame-kame. Wai Katafila shekara huɗu ba a kayar da shi ba, wai mutane ba za su yarda ba, wai ko a yi kunnen doki. Na bar shi ya gama. Wayarsa na ta ƙara a aljihu, mutanensa na tambaya ko akwai wasa ranar Talata ko su kama gabansu. Ƙarshe ya ce to. A cire Fatalwa, Ƙusa ya shigo Tsawa, ranar cika shekara bakwai ya ɗauki bel.

"Shi ke nan, je ka rubuta abinka," ya ce wa Auta.

Na zaci an gama. Sai na ji Auta ya ce, "A'a, Yaya. Sauran wasannin zan rubuta. Wannan kai za ka rubuta."

"Ni? Ka ga dai yadda suka yi mini."

"Na gani. Ni sau ɗari biyu da goma sha huɗu na rubuta an kayar da nawa. Kai sau ɗaya nake so."

Na kalle shi. Ban san akwai wannan a cikinsa ba.

Ranar ta zo. A teburina Manaja ya zauna, ya yi awa biyu, ya sha shayi kofi uku, yana rubutawa yana gogewa. Na ce kafin a tura sai an karanto. Ya miƙe, wannan karon bai gyara murya ba.

"Katafila ya shigo yana fama da zazzaɓi..."

"Goge," na ce.

"Inna, ai dole a ba da dalili."

"Lafiyarsa ƙalau. Jiya na ji yana cika baki zai haɗiye mutum."

Ya goge. Can gaba kuma wai ƙafarsa ta zame a kan ruwa. Na ce wa ya zuba ruwan? Ya goge. Abin da ya rage layi tara ne. Ƙusa ya shigo. Katafila ya kama shi. Ƙusa ya kuɓuce. Ya ɗaga Katafila ya buga shi da ƙasa da ƙarfi sosai. Alƙali ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ƙusa ya ɗauki bel. Jama'a sun yi murna. Ko jikata ta aji uku ta fi haka.

Auta ya ce, "Yaya, sake karanto wajen ƙirgar."

Ya sake karantawa. Auta ya juya ya fuskanci taga ya daɗe bai juyo ba. Na tashi na shiga kicin, don ba zan zauna ina kallon ƙato da gemu yana share ido a kan dukan da ba a yi ba.

Auta ya kai an buga masa layi taran a takarda, ya manna a ƙofar tsohon firjin nan na shago. Duk wanda ya kawo fanka sai ya tsaya ya ji bayani.

Dillali har yanzu da bakinsa yake zuba wasan Asabar, mutanensa sun koma bakwai. 'Yata ta zo sau biyu tana roƙon in sa baki a sassauta doka ta uku. Na ce ba ni na rubuta ba.

Sati uku Ƙusa ya riƙe bel. A na huɗu Auta ya hau cin abinci yana ta fara'a, ya ce in saurara in ji wasan da ya fi kowanne kyau a shekara bakwai. Shafi goma sha biyu. Katafila ya dawo, ya shaƙe Ƙusa, ya jefar da shi bayan igiya, ya karɓe abinsa. Ba Manaja ne ya sa shi ba, na tambaya. Shi ya ga labarin zai fi daɗi haka.

"Ya kika ji, Inna?"

Na ce, "Fankar ɗakina wata biyu tana ƙara. In ka gama cin abinci ka ɗauko tsani."